Gwiwar Baba da Hanyar Bakin Kanal

Mahaifina tsohon soja ne. Shekara ashirin da 'yan kai ya yi cikin kaki, ya bar aiki da igiya uku a damtse, shi ya sa a ƙauyenmu ba mai kiran sunansa, kowa Saje yake ce masa, har liman. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina goye Uwata yake kirana.

Ƙauyen namu yana tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga yake biyo kanal ya shayar da gonaki rani da damina. Da Baba ya ajiye bindiga sai ya dawo gida ya karɓi gonar da ya gada, yana shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Gonar da 'yar tazara, mai lafiya zai yi rabin awa yana bin gefen kanal kafin ya kai, amma ban taɓa ganin Baba ya hau babur zuwa can ba. Tafiyarsa ma daban take: ƙirji a gaba, hannu na lilo, fartanya a kafaɗa. In mata suna shanyar shinkafa a bakin hanya suka hango shi, sai wata ta ce, "Ku ja tamfol ɗin nan gefe, ga Saje nan, ba ya lanƙwasa hanya."

Na yi aure a cikin Kura, ina koyarwa a wata firamare, kuma duk Asabar nakan hau a-daidaita-sahu in je gida. A idona ciwon ya fara, a idona ya ci ƙarfinsa.

Gwiwar dama ce ta fara. Da safe sai ta sage, sai ya daɗe yana murza ta kafin ta yarda ta lanƙwasu. In zai tashi daga tabarma kana jin ƙararta, ƙaras-ƙaras, kamar ana taka busasshen kara. Mutane suka ce sanyin ƙashi ne. Aka yi ƙaho, aka shafa man zafi, aka dafa saiwoyi, Inna mahaifiyarmu ta yi ta gasa masa da tsumma da ruwan ɗumi. Ya riƙa shan ƙwayoyin kemis, su kwantar da ciwon na yini guda su tayar masa da ciwon ciki na kwana uku. Bayan shekara biyu ta hagu ma ta ɗauka.

Ya rage zuwa gona, daga kullum ya koma sau biyu a mako, daga nan ya damƙa ta a hannun ƙanensa, Baffanmu. Sujada ta gagare shi, aka ajiye masa farar kujerar roba a ƙarshen sahu. Ya yi wata uku yana zuwa masallaci a haka, sannan ya daina. Da Inna ta tambaye shi dalili, ya ce ya gaji da "sannu Saje". In ya shigo, sahu ya dare, kowa ya bi shi da ido, kowa na yi masa sannu kamar mai jiran makara.

Abin da ya biyo baya, a lokacin ban san yana da suna ba. Baba mutum ne mai rediyo. Labaran safe da na yamma ba sa wuce shi, kuma ba shiru yake saurara ba, gardama yake yi da mai karanta labarai kamar yana gabansa. Rediyon nan ya yi shiru har batir ya narke a ciki. Mutumin da yake goge rigarsa da dutsen guga ko da gona za shi, ya koma sai ya yi mako da riga ɗaya. Tuwo ya dawo kamar yadda aka kai shi. Jikoki in sun shigo da hayaniya sai ya juya fuska bango. Masu dubiya kuwa, amsa ɗaya suke samu a zaure: yana barci. Alhali ba barcin da yake samu, kwanciya ce kawai ido biyu.

Inna ta ce mini, "Jikinsa ne a ɗakin nan. Babanku dai ban san inda yake ba."

Wata Asabar, lokacin ɗiban tumatir na farko, Baffa ya ba ni kwando guda daga gonar Baba, jajaye, masu tauri, irin waɗanda 'yan lodi, masu saye su kai birni, suke rububi. Na kai har gabansa na durƙusa na ce, "Baba, ga 'ya'yan gonarka." Bai ko dubi kwandon ba. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce, "Uwata, in mutum ya gama aikinsa a duniya, me kuma yake jira?"

Gabana ya faɗi. Na fita tsakar gida na ce wa Inna ranar Litinin zan nemi izini a makaranta, asibiti za mu je a Kano, ko yana so ko ba ya so.

Bai so ba, amma bai yi gardama ba, kuma wannan ma ya tsorata ni, don Baban da na sani sai an kai ruwa rana da shi. Muka ɗauke shi a a-daidaita-sahu zuwa Kura, daga nan muka shiga mota. Aka ɗauki hoton ƙashi, muka yi zaman layi har bayan azahar kafin mu shiga wurin likita. Mace ce, ta manyanta, da tabarau a kan hanci. Ta ɗaga hoton ta nuna mana inda ƙasusuwa biyu suka haɗu. Ta ce a tsakaninsu akwai guringuntsi mai santsi da yake hana su gugar juna, na Baba ya cinye, saura kaɗan. Ta ce ba ya tsirowa kuma, amma wannan ba ya nufin an gama da ƙafar.

Na ɗauka magani za ta rubuta mu tashi. Sai ta ajiye biro, ta juyo da kujerarta ta fuskance shi.

"Baba, yaya barci?"

"Da sauƙi."

"Abinci fa?"

"Ana ci."

"Me kake jin daɗinsa yanzu? Abu ɗaya kawai nake so ka faɗa mini."

Ya ɗaure fuska. "Likita, gwiwa na kawo miki."

"Na gani. Amma gwiwar ba ita kaɗai ta zo ba, da mai ita ta zo. Yaushe rabonka da dariya?"

Ya kau da kai. Ni ma na shiga lissafi a raina, na kasa tunawa.

Ta rage murya ta ce, "Zan yi maka wata tambaya, ka yi haƙuri da ni. Kana tunanin gara a ce ba ka raye?"

"Ni Musulmi ne."

"Na sani, Baba. Ba imaninka nake tambaya ba."

Ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa. Can ya ce, "Ba zan taɓa kaina ba. Amma nakan roƙi Allah ya gaggauta."

Tunda nake ban taɓa jin an yi wa mahaifina irin wannan tambaya ba, balle in ji ya amsa. Na zauna ina kallon matar nan kamar mai kallon wanda ya zura guga a rijiyar da kowa ya ce ta ƙafe, ya jawo ruwa.

Ta ce ciwo biyu ne a jikinsa, kuma kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Akwai na gwiwa, akwai ciwon damuwa. Zafin gwiwa ya zaunar da shi, zaman ya dusashe zuciya, ita kuma zuciyar da ta dusashe takan ji zafi fiye da yadda yake. Ƙafar da ba ta aiki tsokarta ta zube, gwiwa ta rasa mai tallafa mata, ciwo ya ƙaru. Ta ce ta sha ganin haka, musamman ga tsofaffin sojoji, mutanen da duk rayuwarsu a kan ƙafa suka yi ta.

Baba ya ɗago. "Wato kina cewa na taɓu."

"A'a. Cewa nake ba ka da lafiya, kuma akwai magani. Mai hawan jini ba a ce masa ya taɓu."

Ta rubuta masa ƙwaya guda da zai riƙa sha kullum, ta ce tana taɓa ciwon biyu, tana rage zafin gaɓa tana kuma ɗaga zuciya. Ta gargaɗe mu cewa sai ya yi makonni kafin ya ji aikinta, kuma da farko za ta iya tayar masa da zuciya ta busar da baki. Ta ce kada ya bari da kansa, in ya ga wani abu ya dawo ya faɗa mata. Ta hana shi ƙwayoyin kemis ɗin nan, ta ba shi na shafawa. Sannan ta ce maganin rabin aiki ne, sauran rabin yana wani ɗaki a ƙarshen baranda, sashen gashin ƙashi.

A can muka tarar da wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura a gemu. Ya zaunar da Baba a kujera ya ce ya miƙe ƙafar dama sosai, ya riƙe ta a sama, ya ƙirga goma. A huɗu ƙafar ta fara rawa, a shida ta faɗi. Ya nuna masa yadda zai tashi daga kujera ya koma ba tare da ya dafa ba, da yadda zai kwanta ya danna bayan gwiwa a kan tabarma. Ya ce ya riƙa tafiya kullum, ko da taku ashirin ne, gobe ya ƙara biyar. Ya ce zai ji zafi kaɗan, wannan ba komai, amma in gwiwa ta kumbura ta kwana a kumbure to ya rage.

Baba ya yi tsaki. "Ni da na yi fareti da buhun yashi a baya, yau ɗaga ƙafa a kujera ake koya mini."

Mutumin ya yi murmushi. "Saje, kurata nawa ka horar?"

"Ba sa ƙirguwa."

"To ga ƙarin ɗaya. Rago ne, shekara uku yana kwance. Na bar maka shi."

Baba bai yi dariya ba, amma na ga ya dubi ƙafar tasa da wani irin kallo da na sani tun muna yara, kallon da yake yi wa wanda ya makara.

Makonni biyun farko sun yi wuya. Maganin ya sa shi tashin zuciya kamar yadda likita ta faɗa, ya ce bakinsa kamar an zuba toka. Sau biyu yana cewa a zubar da ƙwayoyin a masai. Inna ce ta tsaya. Ta gane in ya sha bayan koko da ƙosai abin ya fi sauƙi, sai ta riƙa tsayawa a kansa da kofin ruwa har ya haɗiye. Ita ce kuma mai ƙirga masa ɗaga ƙafa da carbinta. Kullum sai sun yi faɗa, shi ya ce tana jan ƙirgen da gangan, ita ta ce goma dai goma ce ko a bariki. Da ƙafar ta fara riƙe goma ba rawa, likitan gashin ƙashin nan ya ce a ƙara mata nauyi. Inna ta ɗinka 'yar jaka ta cika ta da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, tana ɗaura masa a idon sawu.

A mako na biyar ko na shida, ina sauka daga a-daidaita-sahu a ƙofar gida na jiyo muryar mai labarai daga ɗakin Baba. Na tsaya cak a zaure. Sai na ji wata murya ta biyu, ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Ƙarya ne, ba haka aka yi ba." Na shiga na tarar da Inna a bakin murhu tana share ido da gefen zane. Na ce lafiya? Ta ce, "Yau babanku ya ce miyata ba daddawa." Tana faɗa tana dariya tana hawaye. Ta ce rabon da ya kushe mata girki har ta manta.

Har yau in na tuna sai in rasa yadda zan kwatanta. Ƙwaya ce 'yar mitsitsiya da ba ta kai ƙwayar wake ba, sai jakar shanshera, sai ƙirga goma. Da waɗannan Allah ya riƙa dawo mana da mutum kaɗan-kaɗan, muna kallo.

Tafiya ta fara daga ɗaki zuwa zaure. Sannan zuwa gindin darbejiyar ƙofar gida. Sannan zuwa injin casar shinkafa, inda yakan zauna a benci ya huta cikin ƙarar inji, don a nan ba mai samun damar yi masa sannu. Bayan wata uku ya kai kwalbatin da ke kan ƙaramin kanal, bakin gari. A nan ne ya aika a kira masa wani tsohon abokin aikinsa.

Kofur muke ce masa. Bafulatani ne, dogo, siriri, danginsa sun daɗe da zama a wajen Bunkure suna kiwo suna noma. Tare suka yi soja da Baba, kuma yana ɗingishi tun da na san shi. Shi ma gwiwoyinsa sun lalace. Baba ya koya masa ɗaga ƙafa, ya matsa masa har ya je asibiti aka duba shi. Shi gwiwa kawai aka samu, ba a ba shi irin ƙwayar Baba ba. Daga nan kullum da sassafe ɗansa ya kawo shi a babur ya ajiye a kwalbati, su kama hanyar bakin kanal su biyu. Labari ya bazu. Wani tsohon soja daga ƙauyen gaba ya shigo, sannan wani, har suka zama shida, cikinsu da tsohon ɗan sanda guda da suka karɓa da sharaɗin zai riƙa bin baya.

Da aka yi hutun makaranta na je gida na yi mako. Washegarin zuwana na bi su daga nesa, don ina so in gani da idona. Rana tana fitowa. An sako ruwa, kanal ya cika har baki yana tafiya shiru. Hagu da dama shinkafa ce kore shar, iyakar ganinka, balbelu sun sauka a cikinta farare tas. A kan gaɓar kanal ɗin kuwa ga tsofaffi shida a jere, kowa da sanda, wani ya karkace hagu wani dama, ba wanda ƙafarsa take daidai. Baba yana gaba. Sai na ji muryarsa ta tashi, irin wadda take tsallake gonaki uku: "Hagu! Dama! Hagu!" A hankali yake bayarwa, tsakanin hagu da dama sai ka yi salati ka gama. Amma ƙafafun nan goma sha biyu tare suke sauka. Masu ban ruwa suka miƙe daga cikin gonaki suna kallo, ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi, na tsaya ina ta tasbihi ban san ma ina yi ba.

A kwalbati na biyu suka zauna hutawa, na ƙarasa na gaishe su na miƙa musu ruwa. Sauran huɗun suka juya gida, aka bar Baba da Kofur. Kofur ya dube ni ya ce, "'Yata, kin san abin da ya fara cin gwiwar babanki?"

Na ce tsufa da noma.

Ya girgiza kai. "Ni ne."

Baba ya ce, "Kofur, bar maganar nan."

"Ba zan bari ba, Saje. Shekara nawa ina bari."

Ya ba ni labari. Ya ce an taɓa tura su wata ƙasa aikin kiyaye zaman lafiya, ƙasar daji da ruwa, ina 'yar ƙarama lokacin. Wata safiya aka yi musu kwanton ɓauna, aka tarwatsa su. Harsashi ya same shi a cinya. Baba ya ɗaure masa ƙafar da igiyar takalmi, ya goya shi, ya shiga fadama da shi, laka har gwiwa, tun hantsi har la'asar sakaliya kafin su riski 'yan'uwansu. Ya ce sau uku yana cewa a ajiye shi, sau uku Baba yana ce masa ya rufe baki.

Na juya na kalli mahaifina. Shekara talatin da wani abu ina 'yarsa, ban taɓa jin wannan ba. Inna ma daga baya ta ce ba ta sani ba. Shi kuwa ruwan kanal yake kallo.

Can ya ce, "Bai faɗa miki duka ba. Su biyu ne a kwance a wurin. Ni kuwa baya ɗaya gare ni." Sannan ya ci gaba. "Ɗayan a ciki aka same shi. Na duba na ga ba zai kai ba, na ɗauki wanda zai kai. Yana kallona na juya. Bai ce komai ba, Uwata. Da ya zage ni ma da ya fi."

Kofur ya ce, "Ba abin da za ka iya yi masa."

"Na sani. Kaina ya sani." Ya dafa ƙirji. "Nan ne bai sani ba. Lokacin da nake noma, in na gaji na kwanta sai barci, mutumin nan ba ya samun wurin zuwa. Da na zauna a ɗaki sai ya zo ya zauna tare da ni."

Wani mai babur ya wuce da buhunan taki ya ɗaga mana hannu. Sai Baba ya ɗaga hannuwansa ya yi wa mamacin addu'a da ƙarfi, ya ambaci sunansa da na garinsu, muka shafa. Da muka koma asibiti a watan da ya biyo, da bakinsa ya ba likita labarin. Ta saurara har ƙarshe, ta haɗa shi da wani ma'aikaci da aikinsa ke nan, zama da mutane su yi magana. Ya je sau da yawa. Abin da suka tattauna bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Ba a miƙe abin ya tafi ba. Lokacin girbin shinkafa, da ya ji ƙarfi, sai ya yanke wa kansa hukunci ya warke, ya daina shan ƙwayar bai gaya wa kowa ba. Inna ta miƙa, ya karɓa, ya zura a aljihu. Cikin kwanaki jiri ya kama shi, ya zama mai saurin fushi, bayan 'yan makonni ya fara cewa yau ba zai fita ba, gobe ma haka. Abin da ya ba ni mamaki, shi da kansa ya kira ni a waya. Ya ce, "Uwata, duhun nan yana dawowa, na ga kansa. Zo ki kai ni." Likita ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce in lokacin ragewa ya yi tare za su rage, mataki-mataki. Ya ce ya ji, kuma tun daga ranar bai sake ba.

Gonarsa kuwa sai da rani ya zagayo, lokacin dashen albasa, ya kai ta da ƙafarsa. Tafiyar rabin awa ta ci masa kusan awa biyu, da hutu huɗu. Ranar Asabar ce, muna tare da shi, ni da Kofur. Baffa yana cikin gona da masu dashe, ya hango yayansa tsaye a kan kunya, ya saki irin da ke hannunsa ya taho da gudu. Kafin ya gama gaisuwa Baba ya nuna da sanda ya ce, "Wa ya ce a matse su haka? Albasa ce ko gashin kai? Kuma ruwan nan ya yi yawa, toshe bakin can." Baffa yana ta "to Yaya, to Yaya", bakinsa ya ƙi rufuwa.

Da ya gama faɗansa sai ya tsaya yana duban gonar. Ya miƙa mini sandar. Ya dafa kafaɗar Baffa, ya fuskanci gabas, ya fara sauka a hankali. Na ji gwiwar ta yi ƙara, na ga ya cije leɓe, na ce, "Baba!" Kofur ya riƙe mini hannun riga ya ce in ƙyale shi. Ya kai gwiwa ɗaya ƙasa, ya kai ta biyu, ya sa goshinsa a kan danshin ƙasar nan. Ya daɗe. Masu dashe duk suka tsaya, ba ka jin komai sai ruwa yana shiga fangalin albasa. Tashi kam sai da mutum biyu suka kama shi, ya miƙe da laka a goshi da gemu yana haki yana dariya, ya ce, "Saukar da sauƙi, hawan ne sai da 'yan dako." Gwiwar ta kwana biyu a kumbure, likitan gashin ƙashi ya yi masa faɗa sosai, ya ce kada ya mai da shi al'ada. A babur ɗin Baffa ya koma gida ranar.

Yanzu shekara ta uku ke nan. Gwiwar ba ta warke ba, ba kuma za ta warke ba. A kujera yake salla, amma a masallaci, kuma in an yi masa sannu yakan amsa. Akwai ranakun da ciwon yake hana shi fita, musamman in hadari ya haɗu. Likita ta yi masa maganar aikin sauya gwiwa, ya ce zai yi shawara, har yau yana shawarar. Cikin tsofaffin nan shida ɗaya ya rasu bara, biyu sun ƙaru.

Kwanakin baya suka sami labarin wani tsohon soja a wani ƙauye ta wajen Kadawa, wanda ya fi shekara bai leƙo ƙofar gida ba. Ba su taɓa aiki tare ba, ba su ma san fuskarsa ba. Duk Alhamis Baba da Kofur sukan hau a-daidaita-sahu su je, su yi sallama, a ce musu ba ya ganin kowa, su ce ba komai, su zauna a dakalin ƙofar gidan su yi hirarsu ta bariki da ƙarfi har azahar, su tashi. Sun yi haka sau bakwai. Na ce, "Baba, ba kwa gajiya? Mutumin nan ko muryarsa ba ku ji ba."

Ya ce, "Tagar ɗakinsa tana kan dakalin. Makon jiya a rufe take. Wannan makon an ɗan buɗe ta."

Ya ce Alhamis mai zuwa in samo musu goro mai kyau a Kura, fari, manya, za su tafi da shi.